Hattara da Na'urar da Aka Ce Tana Gyara Kanta

Mutanen Gombe, akwai wani haɗari da muke sayowa da kuɗinmu, mu kafe shi a bango, sau da yawa a ɗakin da 'ya'yanmu ke kwana. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, janareto ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. A watan Afrilun 2024 ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin wuta mai kilobolt 330 da ya taso daga Jos zuwa Gombe, aka shafe makonni ana fama. A Oktoban 2024 kuma yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a cikin duhu. Sai duk mai hali ya koma sola. Yau in ka ɗaga kai a Pantami, ko Bolari, ko Jekadafari, ko Tumfure, faranti za ka gani a kan rufin gidaje, da masallatai, da shagunan magani, da wuraren cajin waya. Wannan alheri ne, kuma ina murna da shi.

Sai dai tsakanin farantin da ke kan kwano da fitilar da ke haska ɗaki akwai akwatuna uku ko huɗu: kwanturolar caji, inbata, allon tsaron batir, wani gidan har da sitabilaiza. Waɗannan akwatuna yanke hukunci suke yi dare da rana, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, babu mai duba su. Su ke cewa a ƙara wuta ko a rage, a ci gaba da caji ko a tsaya. Kuma maganar da ake sayar mana da su da ita guda ce: "Alhaji, wannan otomatik ce, ita ke gyara kanta, ba ruwanka da ita." Wannan maganar ce nake gargaɗi a kanta, domin ta yaɗu a gari, kuma ta sa mutane sun daina tambaya.

Akwai ilimi guda a fannin injiniya da ba ya da aiki sai wannan: yadda za a sa na'ura ta auna halin da take ciki, ta kwatanta da abin da ake so, ta gyara. A 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururi wasu ƙwallayen ƙarfe masu juyawa da ke rage tururi in gudu ya yi yawa. Ba a daɗe ba aka lura cewa wasu injinan, maimakon su natsu, sai su yi ta hawa da sauka. A 1868 James Clerk Maxwell ya rubuta lissafin da ya bayyana dalili. Duk wanda ya taɓa jin janareto yana nishi, ya ɗaga murya ya sauke, fitila tana haske tana dushewa, ya ga wannan ciwon da idonsa. Gyara ne da ya zo a makare ko ya wuce kima, sai ya haifi sabon kuskure, shi ma a yi masa gyaran da ya wuce kima. Ko a tashar Dadin Kowa mai megawat 40 da ke kan kogin Gongola haka lamarin yake: in aka buɗe wa injin ƙofar ruwa farat ɗaya, ƙarfinsa yakan ɗan faɗi tukuna kafin ya hau, saboda ruwan da ke cikin bututu yana da nauyi, ba ya zabura nan take. Na'urar da ba ta san da wannan ba za ta ga ƙarfi ya faɗi ta ƙara buɗewa, ta rikita injin.

Abu biyu ne ke sa aikin ya yi wuya. Na farko, kayan wuta ba sa bin lissafin ɗaya-da-ɗaya-biyu. In wutar da ke bi ta cikin waya ta ninka sau biyu, zafin da wayar ke yi ninki huɗu yake yi. Injin sumo na rijiyar burtsatse, a lokacin da yake tashi, yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in ya daidaita. Batirin litiyam irin wanda aka fi sawa a gidaje, ƙarfinsa kusan ba ya motsi daga kashi 20 har zuwa wajen kashi 90 cikin ɗari na cikarsa, sannan a ƙarshe ya yi tsalle sama cikin 'yan mintuna. Na biyu, babu wanda ya san ainihin halin kayan a kowane lokaci. Batir yana tsufa, ƙura tana rufe faranti, uwar gida ta jona dutsen guga, NEPA ta kawo wuta rabi. Direban da ke ɗauko siminti daga Ashaka ya san birkin motar da babu kaya daban yake da na wadda aka laɓta wa buhu ɗari shida, kuma ƙafarsa tana sauya taku ba sai an gaya masa ba. Abin da injiniyoyi suka yi shekaru suna nema shi ne na'urar da za ta yi irin wannan: ta gane cewa abin da take sarrafawa ya canja, ta sauya saitinta da kanta.

Sun samu, amma da tsada, har da rai. A ranar 15 ga Nuwamban 1967 jirgin gwaji na Amurka mai suna X-15, wanda aka ɗora wa irin wannan na'ura mai sauya saitinta, ya tarwatse a sama, matuƙinsa Manjo Michael Adams ya mutu. Cikin abubuwan da bincike ya gano har da cewa na'urar ta shiga kai-komo mai tsanani, tana jijjiga jirgin sama da ƙasa har ƙarfensa ya kasa ɗauka. Shekaru goma sha biyar bayan haka, a 1982, Charles Rohrs da abokan aikinsa a jami'ar MIT suka nuna cewa hanyoyin da aka riga aka tabbatar da ingancinsu a takarda suna iya sukurkucewa saboda ɗan abin da aka yi watsi da shi wajen lissafi, ko 'yar hayaniya a cikin ma'auni. Na'urar takan yi ta koyon ƙarya sannu a hankali, saitinta yana zamewa, komai yana tafiya lafiya a ido, sai rana ɗaya ta ɓalle. Daga nan masana suka ɗauki darasi: duk na'urar da za a bari ta gyara kanta dole a gindaya mata iyakar da ba za ta tsallake ba, a hana ta koyo daga hayaniya, a kuma ajiye wani mai tsaro na daban da zai yanke wuta in ta ruɗe. Wanda yake ganin wannan tsohon labari ne ya tuna jiragen Boeing 737 MAX guda biyu, na Lion Air a Oktoban 2018 da na Habasha a Maris ɗin 2019, da suka faɗi, mutum 346 suka mutu, cikinsu har da 'yan Najeriya biyu. Na'ura ce ta gaskata ma'auni guda ɗaya da ya lalace, ta yi ta danna hancin jirgi ƙasa.

Waɗannan manyan kamfanoni ne masu dubban injiniyoyi. To ina ga akwatin da ba a san ko wace masana'anta ta ƙera shi ba, wanda aka liƙa wa takarda mai ƙyalli, aka ɗora a bangon ɗaki mai rufin kwano a Gombe?

Mu fara da zafi. Alƙaluman da ke jikin batir da faranti duk an auna su ne a digiri 25. Garin nan a watan Maris da Afrilu yakan taɓa digiri 40, ɗakin ajiya marar taga kuwa ya wuce haka. Batirin ruwa mai bolt 12 da ake caji zuwa 14.4 a digiri 25, a digiri 40 bai kamata ya wuce wajen 14 ba. Kwanturolar kirki tana zuwa da 'yar waya mai auna zafi da ake mannawa a jikin batir don ta yi wannan ragin. A gidaje da yawa wayar tana nan cikin kwali ba a ko warware ta ba, wasu kwanturololin ma babu inda za a jona ta. Sai batir ya yi ta tafasa, ruwansa yana ƙonewa, yana fitar da iskar haidirojin wadda in ta kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da ita. Ko bai fashe ba, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Mai gida ya ce an cuce shi da batirin jabu, alhali wani lokacin batirin na gaske ne, akwatin da ke ciyar da shi ne bai san garin da yake ba. Sanyi ma yana da tasa illar. Da sassafen hunturu, lokacin da faranti ya kwana cikin sanyi rana ta fara bugunsa, ƙarfin da yake fitarwa yakan haura na tsakar rana. Wanda ya jera faranti har bakin iyakar kwanturola yana aunawa da azahar a watan Afrilu, zai iya wayar gari a Janairu ya tarar ta ƙone.

Sai jabu. Akwai kwanturola iri biyu. Mai araha, wadda ake kira PWM, buɗewa da rufewa kawai take yi. Mai tsada, MPPT, ita ce ke lalube a kai a kai tana neman inda faranti zai ba da mafi yawan ƙarfi, kuma dole a cikinta akwai babban naɗin wayar tagulla, shi ya sa take da nauyi. Kasuwa ta cika da ƙananan akwatunan roba marasa nauyi da aka rubuta wa MPPT, a ciki kuwa babu komai sai ta farkon. Wanda ya yi maka ƙarya a kan sunan kaya, me zai hana shi yi maka ƙarya a kan amfiya nawa za ta ɗauka kafin ta narke?

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne litiyam, da abin da ake yi wa allon tsaronsa. Kowane batirin litiyam tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kuma allon da ake kira BMS shi ke lura da kowace ƙwaya. Irin ƙwayar da aka fi sawa a gida ba ta son ta wuce bolt 3.65, irin ta kwamfutar hannu kuma 4.2. In ɗaya ta kusa wucewa, ko zafi ya yi yawa, ko aka ja wutar da ta fi ƙarfi, allon sai ya yanke. Shi ne mai tsaron nan na daban da masana suka wajabta.

Na tsaya a wani shagon haɗa sola na ga yadda ake sallamar wannan mai tsaro. Wani mai injin markaɗe ne ya kawo batirinsa a bayan Keke Napep, ransa a ɓace.

"Injiniya, kayan nan da ka haɗa min duk sanda na tayar da inji sai ya ɗauke. Mata na jira da ƙullu, ni ina kunna-kashe."

"Yi haƙuri, Baba. Allon ne ke da tsoro da yawa. Bari in yi maka dairek."

Ya kwance murfin, ya yanko guntuwar waya mai kauri, ya tsallake allon ya haɗa ƙwayoyin kai tsaye da bakin fita. Ya ɗaure da salatif. Aka jona, inji ya tashi, Baba ya yi godiya har da addu'a. Na ce wa injiniyan allon ba tsoro yake ji ba, gaya musu yake yi cewa injin ya fi ƙarfin batirin. Ya ce in bai yi ba na gaba da shi zai yi, kuma shi za a kira wanda bai iya aiki ba. Gaskiya ya faɗa a kan kasuwa, kuma wannan ne ya sa abin ke yaɗuwa: wanda ya cire tsaro shi ake yabo, wanda ya ce a ƙara batir ko a rage kaya shi ake zargi da son kuɗi.

Daga wannan rana batirin ba shi da mai cewa ya isa. Ƙwaya ɗaya da ta fi sauran rauni za ta riga su cika, ta yi tsallen nan na ƙarshe, kwanturola kuwa jimillar ƙarfi kawai take gani, za ta ci gaba da ɗura wuta. In kuma an bar inbata a saitin batirin ruwa, wanda lokaci-lokaci yake kai caji wajen bolt 15.5 don wanke farantan cikin batirin, to ƙwayoyi huɗu da iyakarsu 14.6 ce suna shan abin da ba a yi su don shi ba. Mafi muni su ne ƙwayoyin gwanjo da ake cirowa daga matattun batiran kwamfuta, a haɗa tsoho da sabo, a zuba cikin sabon akwati. Irin waɗannan in zafinsu ya kai wani matsayi, ƙwayar da kanta take ci gaba da haifar da zafi, ta kunna maƙwabciyarta, ita ma ta kunna ta gaba. Hayaƙinta guba ne, kuma takan sake kamawa bayan an ɗauka ta mutu. A ranar 16 ga Satumban 2025 gobara ta tashi a benen Afriland da ke tsibirin Legas, hukumar kashe gobara ta jihar ta ce daga ɗakin inbata da ke ƙasan ginin ta faro, mutum goma suka rasa rayukansu. Ginin manyan ofisoshi ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wani ɓangaren da bai tsaya a gida ɗaya ba. Idan wutar kamfanin rarraba lantarki na JED ta zo da rauni, sitabilaiza tana ɗaga ta ne ta hanyar jan ƙarin wuta daga layi. Na'urar sanyaya ɗaki mai cin wat 1,000 tana jan amfiya huɗu da ɗoriya a bolt 230. In wutar ta faɗi zuwa 140, sai ta ja sama da bakwai, zafin da ke cikin wayar gidan kuma ya haura ninki biyu da rabi. Yanzu a ce gida talatin a kan taransifoma ɗaya duk suna yin haka, ga inbatoci suna jiran wuta ta zo su fara cajin batir gaba ɗaya. Kowace na'ura tana gyara wa mai ita, ƙarfin layin yana ƙara faɗuwa, su kuma suna ƙara ja. Daga nan sai a ji ƙara, unguwa ta shiga duhu, a fara bi gida-gida ana karɓar kuɗin gyara. Kowace sitabilaiza ta yi abin da aka ƙera ta ta yi, babu wadda aka gaya wa akwai sauran.

Ina da magana da ɗalibanmu na injiniya da malamansu, a nan jihar da maƙwabta. Takardun bincike a kan na'urori masu sauya saitinsu sun yi yawa a intanet, kuma yana da sauƙi a kwafo lissafi, a zuba a MATLAB, layi ya fito sumul a allon kwamfuta, a ce an gama. Hujjar da kuke kafawa da ita, wadda ta samo asali daga aikin Aleksandr Lyapunov na 1892, hujja ce mai ƙarfi, amma tana da sharuɗɗa, kuma ba ta yi muku alkawarin komai a kan abin da kuka bari a wajen lissafi ba. Shin kun saka jinkirin ma'auni? Kun saka cewa inbata tana da iyakar abin da za ta iya bayarwa? Kun gwada ranar da wayar auna zafi ta tsinke? Wanda bai kai akwatinsa kan rufi a watan Afrilu ya bar shi ya kwana cikin ƙurar hunturu ba, kada ya ɗora shi a famfon unguwa, balle a firjin ajiye allurar rigakafi. Garin nan yana buƙatarku ƙwarai, domin ku ne za ku iya buɗe akwatin kasuwa ku gaya wa jama'a abin da ke ciki.

Hukumomi kuma suna da nasu alhakin. SON ce ke da hurumin hana shigo da jabu, NEMSA ce aka kafa a 2015 don duba ingancin haɗin wuta da ba masu haɗawa shaida, COREN ke rajistar injiniyoyi. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu. Muna so mu ga ana shiga shaguna ana buɗe kwanturola a gaban mai ita. Muna so duk asibiti, da makarantar kwana, da shagon kasuwa da ke da tarin batir a duba shi kafin a kunna. Ƙungiyar masu haɗa sola ta yanke hukunci cewa duk ɗanta da ya yi wa allon tsaro dairek za a hukunta shi, don mai gaskiya ya daina rasa ciniki. Limamai su ma su taimaka, domin masallatai da yawa yanzu batiransu na cikin ɗan ɗakin da ake ajiye tabarmi.

Kai kuma mai gida, kada kunya ta hana ka tambaya. Ka ce a nuna maka wane irin batir aka zaɓa a saitin inbata, da adadin bolt ɗin da caji zai tsaya, a rubuta maka a takarda ka manna a bango. Ka tambayi ina wayar auna zafi. Ka tabbatar akwai fis kusa da bakin batir, kuma birekar da ke tsakanin faranti da kwanturola ta wutar sola ce. Wutar NEPA tana ratsa sifili sau ɗari a daƙiƙa, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa, ta faranti da batir kuwa ba ta yin haka, birekar gida ta yau da kullum tana iya kamawa da wuta a hannunka. Ka fitar da batir daga ɗakin kwana da kicin da ƙarƙashin matakala, ka kai shi inda iska ke ratsawa, nesa da katifa da jarkar fetur. Uwar gida, ke ce kike wuni da kayan nan, in kika ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ko na ƙonannar roba, ko kika taɓa akwati ya ƙona ki, ko kika ga cikin batir ya kumbura, kada ki jira maigida ya dawo. In na'ura tana yawan yankewa, akwai abin da take gani, a nemo shi, kada a bari kowa ya rufe mata baki da guntuwar waya.

Idan kuwa hayaƙi ya riga ya fara fita daga batir, a kwashe yara a fita, a ja ƙofa, a kira 'yan kwana-kwana, a gaya musu tun a waya cewa akwai litiyam da sola a gidan. Kada a watsa bokitin ruwa a kan wayoyi, kada a hau rufi, domin muddin rana tana sama faranti yana ci gaba da turo wuta ko da an kashe komai na cikin gida. Kada kowa ya koma ɗauko waya ko takardu.